Wa'azin da Na Yi a Kan Ɗanyen Kifi

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen maƙerarmu ba za su bari ba. Bari in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba: wawan labarin nan ni ne. Ni da furfurata, ni da rawanina. Amma ku saurara har ƙarshe, don ina da hujja, kuma har gobe ban yarda laifin nawa ne ni kaɗai ba.

Ni maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas, can bayan babban masallaci. Lakwal, wato makarantar boko, na yi ta har aji huɗu, ranar da mushe, malaminmu, ya kumbura mini kunne tsohona ya ce in dawo bakin zuga-zugi, can ma ana samun ilimi. Faransancina na kasuwa ne. Yana isa in sayar da sarƙa, yana isa in yi faɗa, kuma za ku ga wanne na fi iyawa.

Zamanin da Turawa ke cika garin nan, an kawo mini wani saurayi ɗan ƙasar Danemark ƙofar gida, ya dawo daga hamadar Tenere zazzaɓi ya kayar da shi. Sunansa Jens, mu muka ga sunan ba ya zama a baki muka mayar da shi Yunusa. Sati uku ya yi a ɗakin zaurena. Maiɗakina Tima ta yi ta ɗura masa kunu da furar dabino da cuku har ya miƙe. Ranar da ya miƙe na kama ragon da nake kiwo don Layya na yanka masa, aka gasa shi sukutum. (Ku riƙe wannan, don ni ma na riƙe shi shekara da shekaru, fiye da yadda ya kamata mai kyauta ya riƙe.)

Daga baya Turawa suka ɗauke ƙafa. Mu shida ne a maƙera, kowa da iyalinsa, muka koma zaman shan shayi da korar ƙuda daga kan kayan da babu mai taya su. Samari biyu daga cikin yaranmu suka ajiye guduma suka tafi Jado neman zinariya. Ana cikin haka Yunusa ya kira ni ta tarho, shi ma yanzu ya yi furfura. Ya ce mahaifiyarsa tana da ƴar butik, wato ɗan shago, a wani gari mai suna Skagen, can ƙarshen ƙasarsu inda ƙasa ta ƙare sai ruwa, baƙi na cika garin da bazararsu. In ta ga kayanmu ta yarda, za ta riƙa karɓa kowace shekara.

"Amma Baba," in ji shi, "ita ce mai butik, ba ni ba. Kuma ba ta karɓar kayan mutumin da ba ta zauna ta ci abinci da shi ba. Sai ka zo."

To, kun ji abin da ya kai ni. Gida shida na ɗauko a cikin jakata, kuma abin da ake nema gare ni bai wuce in zauna in ci abinci kamar mutum ba. Tima ta ƙulle mini dabinon garin Timia a buhun zane ta ce ko da hali. Na sa shi a aljihun babbar riga.

Yunusa ya tarbe ni da murna, ban ƙi gaskiya ba. Na kwana gidansa a wani gari wai shi Aalborg. Washegari da safe, ranar da za mu je wajen tsohuwar, ya buɗe firigo, na'urar sanyaya abinci, ya ce, "Baba, za ka ci wani abu kafin mu tafi?"

Na ce, "A'a, Yunusa, alhamdu lillahi."

Jama'a, me ɗan halas zai ce? Baƙo ne ni. Sai an tambaye ka sau ɗaya ka ƙi, sau biyu ka ƙi, a na uku a ajiye maka a gabanka a fita a ba ka wuri. Yaron nan da ya yi sati uku a zaurena, ya ga yadda Tima ke tsare shi da ludayi, sai ya ce "D'accord," wato to shi ke nan, ya rufe firigo. Ya rufe! Ya zauna a gabana ya cinye kwanon hatsinsa da madara, ya wanke kwanon, ya ɗauki makullin mota. Ni kuma rabona da abinci tun ɗan abin da aka ba mu a jirgi, wanda ko akuyar Tabelot ba za ta kira shi kalaci ba.

A mota ya ce yau zai nuna mini wuraren da baƙi da yawa ba su sani ba, ba irin na masu zuwa babban birni su ɗauki hoto su koma ba. Na ce madalla. Na gyara zama ina jiran in ga ma'aikatar jirage, ko gidan sarkinsu, ko dai wani abin da zan ba da labari a majalisa.

Muka yi tafiya mai nisa cikin gonaki, ko'ina kore shar, shanu kwance kamar masu hutun gwamnati. Ya ajiye mota a bakin wani daji, muka taka. Ya ce in rufe ido. Ni da girmana na rufe. Ya ce in buɗe.

Rairayi.

Tudun rairayi ne, wallahi. Ni, tsohon da ya bi ayari zuwa Bilma tun yana ɗan shekara sha biyar, an ɗauko shi daga Agadas, an haye hamada da teku da shi, an hana shi karin kumallo, don a nuna masa rairayi. Yunusa yana ta washe baki yana cewa babu irin wannan tudu a duk ƙasarsu, wai tafiya yake yi, kowace shekara yana matsawa gabas. Na ce, "Yunusa, ka san wani tudun rairayi da ke zaune wuri ɗaya?" Ga Turawa can suna hawa suna gangarowa da ihu, wata mata har tana cika ƴar kwalba. Irin wannan tudu a hanyar Bilma ko suna ba ma ba shi. Raƙumi ma ba ya ɗaga kai ya dube shi.

Daga nan ya kai ni wata tsohuwar majami'a da rairayi ya binne, hasumiyarta kaɗai ta rage a tsaye, fara tas. Ya ce mutanen sun yi shekaru suna haƙe ƙofa kafin su shiga ibada, har suka gaji suka bar wa rairayi. Na ce da sun aiko mana da mun koya musu, mu kowace safiya matanmu ke share shi daga tsakar gida kuma ba mu gudu ba. Ya yi dariya. Ya miƙo mini wata baƙar alewa daga aljihu, na karɓa da sauri don cikina ya fara kiran sunana. Gishiri! Alewa baƙa mai gishiri, da wani ɗaci kamar an jiƙa saiwar magani. Na juya baya na tofar da ita a gindin wata ciyawa, Allah Ya yafe mini in ciyawar ta mutu.

Wuri na uku kam, zan faɗi gaskiya a nan tunda ban faɗe ta a can ba. Wani siririn harshen ƙasa ne da ya shiga cikin ruwa, teku biyu suna haɗuwa a bakinsa, wannan ya taso daga dama wancan daga hagu, suna karo kamar raguna. Na tsaya na yi tasbihi a zuciyata. Amma da Yunusa ya ce "Yaya ka gani, Baba?" sai na ce ba laifi. Mai jin yunwa ba ya yabo. Iskar wurin kuma ta shige mini hanci, kafin mu dawo mota mura ta toshe shi kamar an liƙe da ƙaro. (Wannan hancin yana cikin waɗanda suka ci amanata a ranar. Da yana aiki da labarin nan bai faru ba.)

Sai bayan azahar muka isa gidan tsohuwar. Ɗan gida ne rawaya mai jan rufi, irin na garin duka. Madam Bodil, sunanta ke nan, ƴar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, ta haura tamanin, idonta kamar na mai awon zinariya. Yunusa ya ce da can malamar Faransanci ce a lakwal. Na ji gabana ya ɗan faɗi, don ni da masu wannan aiki ba mu rabu lafiya ba. Na gaishe ta, na ce mata Maman. Ta gayyato maƙwabta huɗu, tsofaffi, maza biyu mata biyu, duk sun sha ado. An shimfiɗa farin zane a tabur, an kunna kyandir da rana tsaka. Na ce a raina, ashe nan ma ana ɗauke wuta.

Muka zauna. Ta kawo wasu ƴan kwanoni uku ta jera, da burodi, da man shanu, da yankakkiyar albasa. Ta faɗi wata kalma da yarensu, ta koma ciki.

Na leƙa kwanonin. Kifi ne, an yanka shi ƙanana. Na farko fari cikin ruwan tsami, na biyu ja, na uku cikin wata miya rawaya. Na sa yatsa a gefen kwano, sanyi ƙalau. Kifin nan tun da Allah Ya halicce shi bai taɓa ganin wuta ba. Burodin kuwa baƙi ne, mai nauyi, in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. Na ga kowa ya ɗauki yanki ɗaya siriri, ya shafa mai, ya ɗora kifi biyu da zoben albasa, bai ko rufe da wani burodin ba, ya kama yanka da wuƙa da cokali mai yatsu yana lumshe ido yana cewa "mmm". Na kwaikwaye su. Na kai baki. Tsami, da zaƙi, da sanyi, da ƙarni, duk a loma guda. Na haɗiye don darajar gida shida.

Na dubi ƙofar da tsohuwar ta shiga. Shiru. Na dubi tabur. A wajenmu abin da aka ajiye a gaban baƙo shi ne abincin. Tire ɗaya ne, shinkafar da naman da miyar duk a kai, mai gida ya nuna maka iyakar ƙarfinsa a tashi ɗaya, kowa ya gani. Ba a ɓoye nama a ɗaka ana jan ran mutum.

Na sunkuya na ce da Hausa, "Yunusa, wannan shi ne abincin?"

Ya yi wani murmushi ya ce, "Ka ci kaɗan-kaɗan, Baba. Doucement. Kada ka cika ciki."

Kun ji fa. In ci kaɗan. Wato kada in cinye wa mutane, don ba shi da yawa. A nan ne wani abu ya taso mini daga ciki, ya haɗu da yunwa, da rairayi, da baƙar alewa, da firigon da aka rufe. Na tuna ragona. Na tuna yadda yake bin ni har bakin maƙera. Na ajiye cokali ya bugi kwalbar ruwa ya yi ƙara, na miƙe tsaye.

Abin da ban sani ba, su a al'adarsu in mutum ya buga kwalba ya miƙe a wajen cin abinci, jawabin godiya zai yi. Sai na ga duk sun ajiye wuƙaƙe, sun juyo suna murmushi. Na ce to, ashe su ma abin yana cin su, sun rasa mai faɗa ne.

"Mesdames et messieurs," na ce, na gyara rawani.

Yunusa ya kama gefen rigata. "Baba, zauna. Don Allah zauna."

"Sake ni, yaro. Yau sai an ji."

Na kwance Faransancin aji huɗu gaba ɗaya. Na ce ni mutumin Agadas ne, garin da baƙo ba ya kwana da yunwa ko da mai gida zai kwana da ita. Na ce wannan da kuke gani, na nuna Yunusa, an kawo mini shi kamar tsumma, na tashe shi, na yanka masa rago guda da ƙahonsa. Ban auna masa ba, ban ce masa doucement ba. Na ce yau na zo ƙasarsa, tun safe ana yawo da ni ana nuna mini rairayi, ni! Yanzu kuma an zaunar da ni gaban kifin da ko wuta an yi masa rowa, da burodi mai kama da tubali, shi ma rabi, babu marufi. Wani tsoho mai jan hanci da ba ya jin Faransanci ya ɗaga kwalbarsa ya gyaɗa mini kai. Na ƙara samun ƙarfi.

Na ce in talauci ne a faɗa mana, mu ba ma yi wa talaka dariya, mun san shi, maƙwabcinmu ne. Amma a kunna kyandir a shimfiɗa farin zane a kan babu, wannan ba mu san shi ba. Sai na zura hannu a aljihu na zaro buhun Tima, na kwance, na zazzage dabinon a tsakiyar farin zanen nan.

"Ku ci," na ce. "Sadaka ce daga Agadas. Kada a ce ina wurin tsofaffi suka tashi da yunwa."

Ba wanda ya motsa. Murmushin matan nan biyu ya bushe, don su ashe suna jin Faransanci. Kuma na lura ba ni suke kallo ba. Bayana suke kallo.

Na juya.

Madam Bodil ce tsaye a bakin ƙofa, ta naɗe hannuwa da tsumma, tana riƙe da gefe ɗaya na wani ƙaton tire, wani maƙwabci na riƙe da ɗaya gefen. A kan tiren rago ne. Gasasshe, ja wur, yana tururi, an cusa masa shinkafa da albasa a ciki, daidai yadda Tima ke yi. Daga kallon da tsohuwar ke yi mini na gane ta daɗe a tsaye. Aƙalla tun daga wajen tubali.

Wani dabino ya gangara ya faɗo daga tabur. Duk ɗakin aka ji faɗuwarsa.

Yunusa, kansa a ƙasa, ya yi mini bayani da Hausarsa ta zaure, a hankali, kamar mai karanta wa mutum hukunci. Ya ce su abincin baƙo mai daraja hawa-hawa ne. Kifin sanyi shi ne sallama, buɗe baki kawai. Bayansa soyayyen kifi mai zafi, bayansa nama, bayansa cuku, bayansa kayan zaƙi, a yi sa'o'i ana ci ana hira. Ya ce ragon shi ya tuƙa mota ya je wani gari wajen mahauci Musulmi ɗan Somaliya ya sayo, don in ci da kwanciyar rai. Tsohuwar ta sa ya kira Tima a ɓoye ya tambayo yadda ake cusa shinkafar. Tun asuba ake gashi a bayan gida, hancina da mura ta toshe ko ƙamshi bai jiyo ba. Ta hana a kawo naman alade, ta hana giya, tsofaffin nan da tun tasowarsu ba su taɓa cin kifin nan da ruwan pampo ba yau sun ci saboda ni. Kuma ta tsallake soyayyen kifin ta kawo ragon da wuri, don ta ga yunwa a fuskata.

"Na so ya zama ba-zata ne, Baba," ya ce.

Ya kuwa zama.

Na nemi ƙasa ta tsage, amma ƙasarsu ta katako ce. Na zauna. Na fara tsince dabino ɗaya-ɗaya ina mayarwa buhu, tsohon nan mai jan hanci ya riƙe hannuna ya kwashi biyar ya ce "merci", shi har lokacin yana zaton kyauta na kawo. Madam Bodil ta ajiye tire, ta yanko kafaɗa, wurin da ya fi laushi, ta sa a farantina da hannunta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ci. Kunya ba ta hana ni ba, kada in yi muku ƙarya, sau uku aka ƙara mini. Naman nan ya yi daɗi har na ji haushinsa. Aka kawo soyayyen kifin daga baya, aka kawo cuku iri-iri, aka kawo wani jan kunu na ƴaƴan itace da kirim a kai, kowane kwano da ya shigo sai in ji kamar mari. Duk wanda Allah Ya kai ƙasar nan a cikinku, ga abin da na koyo, kyauta na ba ku: in an tambaye ka za ka ci, ka ce i tun a karon farko. In an nuna maka rairayi, ka ce masha Allah. In an kawo kifin sanyi ka ci kaɗan ka yi shiru, kada ka yanke wa mai gida hukunci sai ka ga an kawo gahawa. (Amma dai har yanzu ina cewa, mutanen da ke ɓoye rago a bayan gida su fara tura ɗanyen kifi, su ma a bincike su.)

Da aka kwashe kwanoni ta ce in kawo kayan. Na shimfiɗa su a kan zanen, sarƙoƙin Agadas, zobba, ƴan kunne, mundaye, aikin mutum shida na wata huɗu. Ta sa tabarau ta ɗauki gilashin dubawa. Tana ɗaga kowanne, ta juya bayansa, ta shafa zanen da farce, ta ajiye. Ni kuwa ina ganin fuskokin mutanen maƙera ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin da wane baki zan ce musu na tafi da abincinsu na zubar a kan kifi.

Na ce bari in ba da haƙuri.

"Maman, ki gafarce ni. Tsufa ne da yunwa. Amma kin gani, mu a wajenmu abinci gaba ɗaya ake kawo shi, kuma da ɗanki ya buɗe baki tun da safe ya gaya mini, ko da ya ba ni ɗan abin da zan taɓa, to da ni ma..."

Ta ɗaga yatsa ɗaya, irin ɗagawar da na sani tun aji huɗu. Bakina ya rufe da kansa. Ta cire tabarau, ta tattara kayan gaba ɗaya ta jawo su gabanta, sannan ta dube ni.

"Azurfar zan karɓa, duka, kuma kowace shekara, don hannunka ya san aikinsa. Amma baɗi ka aiko ta ita kaɗai. Ita ta zauna a tabur ɗina tun ɗazu ba ta zagi kowa ba."